BABI NA UKU: TSALLAKAWAR SHAKIRA DAGA KASUWAR WAƘOƘIN SIFANIYANCI ZUWA BABBAR KASUWAR AMURKA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙen ƙasashen Latin Amurka, da yadda suka shiga ƙasar Amurka tare da mutanen da suka yi ƙaura zuwa can. A wannan babi kuwa za a ɗauki mawaƙiya guda ɗaya, wato Shakira ’yar ƙasar Kolombiya, a bi diddigin yadda ta tashi daga waƙa da harshen Sifaniyanci har ta sami karɓuwa a wurin masu sauraren Ingilishi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sauya harshe kaɗai bai isa ya kai mawaƙi ga wannan matsayi ba. Shakira ta yi nasara ne saboda sai da ta kafu sosai a gida, sannan da ta fita waje ba ta saki mutanenta na farko ba.

3.1 Ma’anar Tsallakawa

A harkar sayar da waƙoƙi a Amurka an daɗe ana rarraba waƙoƙi gida-gida, gwargwadon irin kiɗan da kuma mutanen da ake sa ran za su saya. Mujallar Billboard, wadda take fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a kowane mako, tana da jeri na musamman domin waƙoƙin Latin, da wani domin waƙoƙin mutanen karkara, da sauransu. A saman waɗannan duka akwai manyan jeri guda biyu da suka haɗa kowa da kowa, wato Hot 100 na ɗaiɗaikun waƙoƙi da Billboard 200 na faya-fayai. Idan mawaƙi ya fito daga ɗaya daga cikin ƙananan gidajen nan ya sami gindin zama a babban jeri, shi ne ake cewa ya tsallaka. Da wannan ma’ana za a yi amfani da kalmar “tsallakawa” a cikin wannan babi.

Ga mawaƙin Latin a shekarun 1980 da 1990, tsallakawa tana tafiya ne da waƙa da Ingilishi, domin manyan gidajen rediyon Amurka ba kasafai suke sanya waƙar wani harshe ba. Wannan ne ya sa batun ya wuce maganar ciniki, ya zama maganar harshe da al’ada da kuma abin da mawaƙi zai yarda ya sadaukar.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Shakira

An haifi Shakira Isabel Mebarak Ripoll ranar 2 ga Fabrairu, 1977, a Barranquilla, wani birni da ke gaɓar tekun Karibiyan a arewacin Kolombiya. Mahaifinta ɗan asalin ƙasar Labanan ne, mahaifiyarta kuwa ’yar Kolombiya. Saboda haka ta tashi tana jin kiɗan Larabawa ta wajen dangin uba, da kaɗe-kaɗen gaɓar teku irin su cumbia a cikin gari, da kuma kiɗan rock na Turawa a rediyo. Waɗannan tushe guda uku su ne suka yi ta bayyana a waƙoƙinta daga baya.

Tana da shekara 13 ta ƙulla yarjejeniyar faifai uku da reshen kamfanin Sony na Kolombiya. Na farko, Magia, ya fito a 1991, na biyu, Peligro, a 1993, kuma dukkansu ba su yi kasuwa ba. A 1994 ta fito a wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna El Oasis. A wannan lokaci babu wata alama da ke nuna cewa za ta wuce iyakar ƙasarta.

3.3 Kafuwa a Kasuwar Sifaniyanci

Al’amura sun sauya da fitowar faifai na uku, Pies Descalzos, a 1995, wanda ma’anar sunansa ita ce “ƙafa ba takalmi”. A nan ta yi aiki da Luis Fernando Ochoa, ta kuma sami ikon faɗa-a-ji a kan kalmomi da kiɗan waƙoƙinta. Waƙar “Estoy Aquí” ta ratsa ƙasashen Latin Amurka, faifan kuma ya yi kasuwar miliyoyi. Da sunansa ta kafa gidauniyar tallafa wa ilmin yara marasa galihu a Kolombiya a 1997.

Faifai na huɗu, Dónde Están los Ladrones?, wato “Ina ɓarayin suke?”, ya fito a 1998. Sunan ya samo asali ne daga satar jakarta da aka yi a filin jirgin saman Bogota, wadda ke ɗauke da rubutattun waƙoƙinta, amma ta faɗaɗa ma’anar ta haɗa da masu satar dukiyar jama’a. An shirya wannan faifai a birnin Miyami na Amurka ƙarƙashin jagorancin Emilio Estefan, wanda a lokacin yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin hanyar shigar da mawaƙan Latin kasuwar Amurka. A cikinsa ne waƙar “Ojos Así” take, wadda ta haɗa Sifaniyanci da Larabci da kiɗan Gabas ta Tsakiya.

A shekarar 2000 ta sami lambobi biyu a bikin Latin Grammy na farko, a 2001 kuma faifanta na MTV Unplugged ya sami lambar Grammy. Wato ke nan tun kafin ta fitar da waƙa ko ɗaya da Ingilishi, Shakira ta riga ta zama babbar mawaƙiya mai rubuta waƙoƙinta da kanta, kuma mai tarin masoya daga Meziko har Ajantina. Wannan shi ne jarin da ta shiga kasuwar Amurka da shi.

3.4 Yanayin Kasuwar Amurka a Lokacin

Ba Shakira ce ta fara buɗe wannan ƙofa ba. Gloria Estefan, ’yar asalin Kyuba kuma matar Emilio, ta shiga babban jeri tun 1985 da waƙar “Conga” tare da ƙungiyar Miami Sound Machine. Selena, wadda take waƙa a jihar Texas, tana cikin shirya faifanta na Ingilishi aka kashe ta a watan Maris na 1995, da faifan ya fito bayan rasuwarta kuma sai ya hau matsayi na ɗaya. A Fabrairun 1999 Ricky Martin ya girgiza taron Grammy da waƙar gasar cin kofin duniya ta 1998, bayan ’yan watanni waƙarsa “Livin’ la Vida Loca” ta yi mako biyar a matsayi na ɗaya. A cikin wannan shekara Enrique Iglesias da Marc Anthony da Jennifer Lopez duk suka yi kasuwa da Ingilishi.

Abubuwa biyu ne suka ƙarfafa wa kamfanoni gwiwa. Na farko, tun daga 1991 aka fara ƙidaya cinikin faya-fayai da na’ura mai ƙwaƙwalwa kai tsaye daga kantuna, abin da ya fito da ainihin abin da jama’a suke saya. Na biyu, ƙidayar jama’a ta shekarar 2000 ta nuna cewa akwai ’yan asalin ƙasashen Latin miliyan 35.3 a Amurka, wato kashi 12.5 cikin ɗari na al’ummar ƙasar. Sai dai akwai bambanci tsakanin Shakira da mafi yawan waɗanda suka gabace ta. Jennifer Lopez da Marc Anthony haifaffun Niyok ne, Gloria Estefan kuwa tun tana ƙarama ta tashi a Miyami. Ita Shakira baƙuwa ce, kuma Ingilishinta bai kai na rubuta waƙa ba.

3.5 Faifan Laundry Service

Shawarar farko ita ce a fassara waƙoƙin faifan 1998 zuwa Ingilishi, kuma Gloria Estefan ta fara wannan aiki. Daga baya Shakira ta zaɓi ta rubuta sababbin waƙoƙi. Ta duƙufa wajen koyon harshen, tana amfani da ƙamus na amsa-amo, tana kuma nazarin rubuce-rubucen Walt Whitman da Leonard Cohen. Ta kuma ɗauki Freddy DeMann, wanda ya taɓa kula da harkokin Michael Jackson da Madonna, ya zama manajanta.

Wahalar da ke cikin wannan aiki ta fi ta sanin ma’anar kalmomi. Kalmomin Sifaniyanci da yawa masu gaɓoɓi biyu ne ko uku, kuma da wasali suke ƙarewa, kamar dai na Hausa, don haka suna da sauƙin ja a cikin rerawa. Ingilishi kuwa cike yake da kalmomi masu gaɓa ɗaya da ke ƙarewa da baƙi. Duk wanda zai ɗora harsunan biyu a kan karin waƙa guda, dole ya sake gina kowane layi daga tushe, ya daidaita yawan gaɓoɓi da wurin da nauyin murya yake faɗawa. Haka aka yi da “Whenever, Wherever” da takwararta ta Sifaniyanci “Suerte”, waɗanda kiɗansu ɗaya ne amma kalmominsu ba fassarar juna ba ne kai tsaye.

Faifan Laundry Service ya fito a watan Nuwamba na 2001 da waƙoƙi 13, tara da Ingilishi, huɗu da Sifaniyanci. Ya shiga Billboard 200 a matsayi na uku, waƙar “Whenever, Wherever” ta kai matsayi na shida a Hot 100, “Underneath Your Clothes” kuma ta kai na tara. Abin lura a nan shi ne, duk da sauya harshe, ba a sauya kiɗan gaba ɗaya ba. A waƙar farko an yi amfani da charango, wata ƙaramar garaya ta mutanen tsaunukan Andes, tare da sarewarsu ta gargajiya. A wata waƙar an ɗauko kiɗan tango na Ajantina. Rawar kaɗa ƙugu irin ta Larabawa kuwa ita ta zama alamar da ake gane ta da ita a talabijin.

3.6 Sukar da Ta Biyo Baya

Nasarar ba ta zo hakanan ba. Wasu daga cikin masoyanta na farko sun zarge ta da sayar da kanta ga kasuwar Amurka. Sun kafa hujja da yadda mawaƙiyar da suka sani da baƙin gashi da jita a hannu, mai sukar ’yan siyasa a waƙa, ta koma mai gashi ruwan zinariya wadda ake tallata ta da rawa da surar jiki. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu masu sharhi na Ingilishi sun ga kalmominta baƙi ne a kunne, domin siffantawar da take yi ba irin wadda suka saba ji ba ce. Ashe ke nan mawaƙin da ya tsallaka yana tsakanin alƙalai biyu ne: na gida yana tuhumarsa da yin nisa, na waje yana ganin bai gama isowa ba.

Irin wannan muhawara ta sake tasowa a 2010, lokacin da aka ba ta waƙar gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, wato “Waka Waka”, wadda ta yi tare da ƙungiyar Freshlyground ta ƙasar. Wasu ’yan Afirka ta Kudu sun yi ƙorafin cewa ɗan nahiyar ya kamata a ba wannan aiki. Bugu da ƙari, amshin waƙar an ɗauko shi ne daga “Zangaléwa”, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta ƙasar Kamaru ta fitar a 1986, abin da ya jawo maganar haƙƙin mallaka. Wannan ya nuna cewa wadda ta shiga babbar kasuwa a matsayin baƙuwa, ita ma ta kai matsayin da ake tambayarta abin da ta ɗauka daga waɗanda ba su kai ta ƙarfi ba.

3.7 Tafiya da Harshe Biyu

Amsar da Shakira ta ba masu zarginta da barin gida ta zo ne a 2005, inda ta fitar da faifai biyu a shekara guda. Fijación Oral, Vol. 1, wanda duka da Sifaniyanci yake, ya fito a watan Yuni ya shiga Billboard 200 a matsayi na huɗu, waƙar “La Tortura” da ta yi da Alejandro Sanz kuma ta shafe mako 25 a saman jerin waƙoƙin Latin. Na Ingilishi, Oral Fixation, Vol. 2, ya biyo baya a Nuwamba, amma bai yi ƙarfi ba sai da aka sake fitar da shi a 2006 da ƙarin waƙar “Hips Don’t Lie”, wadda ta yi da Wyclef Jean ɗan asalin Haiti. Wannan waƙa ce ta kai ta matsayi na ɗaya a Hot 100, ita ce kuma ta rera a bikin rufe gasar cin kofin duniya a Jamus.

Daga baya kasuwar kanta ta sauya. Da sauraren waƙa ta intanet ya yawaita, sai ikon gidajen rediyo na zaɓa wa jama’a abin da za su ji ya ragu. A 2017 waƙar “Despacito” ta Luis Fonsi da Daddy Yankee, wadda mafi yawanta da Sifaniyanci take, ta yi mako 16 a matsayi na ɗaya. A 2020 faifan Bad Bunny ya zama na farko da ya hau saman Billboard 200 alhali dukkan waƙoƙin cikinsa da Sifaniyanci suke. A wannan shekara ce Shakira da Jennifer Lopez suka yi wasan hutun rabin lokaci na gasar Super Bowl a Miyami. A Janairun 2023 waƙar da ta yi da Bizarrap ɗan Ajantina, da Sifaniyanci, ta kai matsayi na tara a Hot 100. Da a ce ta yi watsi da harshenta a 2001, da wuya ta ci gajiyar wannan sauyi bayan shekara ashirin.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsallakawar Shakira ta ginu ne a kan abubuwa huɗu: kafuwa a kasuwar Sifaniyanci tsakanin 1995 da 2000, da dacewa da lokacin da kamfanonin Amurka suke neman mawaƙan Latin, da koyon Ingilishi har ta iya rubuta waƙa da shi, da kuma ci gaba da waƙa da harshenta na asali. An kuma ga cewa nasarar ta jawo mata suka daga gida da waje, wadda ba duka ba ce za a iya kawar da kai daga gare ta. A babi na gaba za a yi nazarin jigogi da salon wasu zaɓaɓɓun waƙoƙinta, domin a ga abin da ya sauya da abin da ya tsaya yadda yake a tsakanin harsunan biyu.