Shanun Wa Ne, Motar Wa Ce?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan Babura ko na Gwiwa da almuru a lokacin kaka ya san wannan. Amalanke ya taso daga gona da lodin dawa, shanu biyu a ƙarƙashin karkiya suna tafiyarsu ta ƙasaita, yaron da aka ɗora kuwa ya kishingiɗa a kan dammuna, igiya ta yi sako-sako a hannunsa, barci ya kwashe shi. Shanun ba sa tsayawa. Sun san inda ake kauce wa kwazazzabo, sun san kwanar da ake yi a gindin tsamiya, ba za su ja birki ba sai a ƙofar gidan ubangidansu. Abin hawa mai kai kansa gida ba baƙo ba ne a wurinmu.

Wata rana kuma akan yi rashin sa'a. Shanun su ratse su afka gonar waken maƙwabci, ko su ture danga, ko taya ta bi ta kan ƙafar wani yaro. Idan magana ta je gaban mai unguwa, tambayar farko ita ce, "Shanun wa ne?" Yaron zai sha faɗa, wataƙila har da tsumagiya, amma ba aljihunsa ake dubawa ba. Dattawa su je su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta tiya nawa ce, mai shanu ya biya, ko mai gona ya ce ya yafe bayan an faɗa masa abin da yake nasa. Idan kuwa san sabon saye ne, an sayar da shi a kan horarre ne alhali mai firgita ne, to mai shi ya san hanyar gidan dillali.

Malaman zaure da ke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid sun daɗe da tsefe wannan mas'ala. Wanda yake kan dabba, da wanda yake jan ta ta gaba, da wanda yake kora ta ta baya, su ke da lamunin abin da ta taka. Ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare kuwa tana wuyan masu su, domin da dare aikin mai dabba ne ya kai abinsa turke. Ma'aunin ɗaya ne a duka biyun: wa ke da ikon hana ɓarnar a lokacin da take hanuwa?

Abin da ke ci mini rai shi ne, da zarar mun hau kwalta sai wannan ma'auni ya ɓace mana. Dubi hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure ta nufi Daura. Golf ce ta fito daga tasha, mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, but a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhuna. Tayoyin na gwanjo ne, sun sha hanya a wata ƙasa kafin su zo nan su ƙarasa siɗewa. Direban ba motarsa ba ce. Akwai balas ɗin da zai kai wa maigida da daddare ko an samu ko ba a samu ba, ga kuɗin mai, ga na tasha, saboda haka sawun da ya kamata ya yi biyu sai ya yi uku. Taya ta fashe, mota ta ƙwace. Idan direban ya tsira, ko dai ya ranta a na kare don tsoron duka, ko ya kwana a hannun 'yan sanda. Kwana biyu shugabannin tasha su zo gidan makoki da buhun shinkafa, a ce tsautsayi ne, kwana ya ƙare, a yi haƙuri. Iyalan mamaci su ce sun bar wa Allah. Wanda ya ƙi sayen sabuwar taya, wanda ya yanka balas ɗin da ba ya samuwa sai da gudu, sau da yawa ko sunansa ba a ji.

Ba na jayayya da ƙaddara, kuma yafiya halin manya ce. Amma Alƙur'anin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure, sai fa in dangin mamacin sun bar ta sadaka. Mutum yana sadaka ne da abin da ya san nasa ne. Matar da aka bar wa 'ya'ya biyar, aka zagaye ta a ranar uku ana cewa ta yafe, ba a ba ta wannan damar ba, balle marayun da ba a tambaye su ba.

Kuma ba doka ce babu ba. Tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda aka buge. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma za ta iya biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta. Amma a wurin yawancinmu takarda ce kawai ta nunawa a shingen hanya, wani lokaci ma ta jabu, kuma wanda aka buge bai san yana da abin nema a cikinta ba.

Yanzu duniya ta shigo da motar da ke tuƙa kanta, tana kallon hanya da kyamarori da na'urorin auna nisa, manhaja ce ke murza sitiyari. A biranen Phoenix da San Francisco na Amurka, motocin kamfanin Waymo suna ɗaukar fasinja kujerar direba wayam. Masu yin su suna cewa na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta amsa waya, ba ta da balas a wuya. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a duniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana cin rai kusan miliyan 1.19 a shekara. Amma ita ma tana kuskure, kuma ranar da ta yi sai tambayar mai unguwa ta dawo.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe Elaine Herzberg, mai shekara 49, tana tsallaka titi tana tura kekenta. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin ta buge ta, amma ta yi ta canza shawara a kan ko mene ne a gabanta, domin ba a hore ta da tsammanin mai tafiya a ƙasa a inda ba wurin tsallakawa ba. Birkin gaggawa da motar ta zo da shi daga masana'anta kuwa kamfanin ya kashe shi. Akwai ma'aikaciya a kujerar direba da aka ɗora don ta sa ido, hankalinta yana kan waya. Ita aka gurfanar, a 2023 ta amsa laifi aka yanka mata shekara 3 ta zama ƙarƙashin sa idon hukuma. Kamfanin ya sasanta da iyalan, amma ba a tuhume shi da laifi ba. Ba na wanke ta, sakacinta a fili yake. Sai dai an hukunta yaron da ya yi barci a kan amalanke, an bar wanda ya hori san rabi da rabi ya sake shi cikin mutane.

Ingila ta fi kusa da hankalin dattawanmu. Dokarta ta 2018 ta ce idan mota tana tuƙa kanta ta yi ɓarna, kamfanin inshora ya fara biyan wanda abin ya shafa, daga baya ya je ya nemi haƙƙinsa a wurin masu ƙera ta. Ta 2024 kuma ta ce dole a sami kamfani sananne da zai amsa sunan motar a gaban hukuma, kuma ba za a kama na cikinta da laifin tuƙin da ba shi ya yi ba.

Akwai inda na'ura ta fi dabba wuyar sha'ani. Halin sa nasa ne shi kaɗai, amma aibin manhaja ɗaya yana cikin kowace mota da aka zuba wa ita. Bayan motar kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa kimanin mita 6 a San Francisco a Oktoban 2023, sai da aka janye motoci 950 don gyara. Sannan ɓarnar gona kowa yana iya zuwa ya gani, amma abin da na'ura ta gani da shawarar da ta yanke yana ajiye ne a hannun kamfanin da ake ƙara.

Ba gobe ba ne mota marar direba za ta ratsa duwatsun Roni, inda za ta yi kiciɓis da amalanke marar fitila da garken tumaki a tsakiyar titi. Amma ƙannenta sun riga sun iso. Motocin gwanjo da ke shigowa yanzu, wasunsu suna taka birki da kansu, suna gyara sitiyari idan mota ta bar layi. Irinsu kan zo bayan sun yi hatsari a ƙasar waje, mai gyaran jiki ya sauya bamba, ya bar na'urar da ke cikinta a karkace ko a cire, fitilar gargaɗi tana ci a gaban direba har ya daina ganinta. Ranar da irin wannan ta ƙi tsayawa ko ta tsaya babu dalili, babu mai zuwa Jamus ko Japan neman diyya daga Kazaure. Waɗanda hannu zai iya kaiwa gare su su ne mai motar da kamfanin inshorarsa.

Shi ya sa nake ganin aikin da ke gabanmu na yau ne. Kowace tasha daga Kazaure zuwa Babura ta riƙe littafin da ke ɗauke da sunan mai kowace mota da lambar inshorarta, kada a yi wa mota lodi sai an tabbatar ta gaske ce. Idan an yi hatsari, jami'an kiyaye haɗurra su rubuta shekarun taya da lafiyar birki kamar yadda suke rubuta sunan direba. Hakimai da limaman da ake kira sulhu kuma su sa a kira mai mota ya zauna a kan tabarma, a faɗa wa iyalan mamaci abin da shari'a da doka suka ba su, a ware rabon marayu, kafin a tambaye su ko sun yafe.