Kwalkwali da Murya: Yadda Wasannin Sentai na Japan Suka Shiga Faransa da Amurka

1. Gabatarwa

A wajen mai nazarin fassara, fim ya fi littafi wuyar sha'ani, domin littafi kalmomi ne zalla, shi kuwa fim yana da fuska da leɓɓa da motsin jiki. Idan an juya magana zuwa wani harshe, leɓɓan ɗan wasa suna nan suna furta harshen farko. A wannan takarda za mu duba wani nau'in wasan telebijin na Japan wanda ya kauce wa wannan matsala ta hanyar da babu irinta, wato wasannin jarumai masu rufe fuska. Za mu kwatanta yadda Faransa ta karɓe su da yadda Amurka ta sake gina su. Abin da muke son nunawa shi ne, kwalkwalin da ke rufe fuskar jarumi shi ya ba da damar sauya harshe da labari, amma jikin da ke cikin kayan bai daina magana da Japananci ba.

2. Asalin wasannin

Japanawa na kiran irin waɗannan fina-finai tokusatsu, ma'ana ɗaukar hoto ta hanyar dabaru na musamman. Daga cikinsu akwai Ultraman na 1966 da Kamen Rider na 1971. Reshen da ya fi shafarmu shi ne Super Sentai na kamfanin Toei, wanda ya faro da Himitsu Sentai Gorenger a 1975, bisa ƙirƙirar mai zane Ishinomori Shotaro. Kalmar sentai ta soja ce, tana nufin rukunin mayaƙa. Tsarin bai cika canzawa ba: jarumai biyar, kowa da launinsa, mai ja shi ne jagora, a kowane kashi sai sabon dodo ya bayyana, a yaƙe shi. Daga Battle Fever J na 1979 aka ƙara wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe wanda jaruman ke shiga su ƙarasa faɗan. Kusan kowace shekara an riƙa sauya jarumai da kaya da labari, tsarin dai ya kasance yadda yake.

Sunan Gorenger kansa abin lura ne. Go na nufin biyar a Japananci, sauran kuwa aro ne daga kalmar Ingilishi ranger. Ke nan kafin Amurka ta ari wasan, wasan ya riga ya ari kalma daga harshenta. Sunan Power Rangers kaya ne da suka je cirani suka dawo gida.

3. Hanyar Faransa: sauya murya

Faransawa sun bi hanyar da suke kira doublage, wato a cire muryar asali a ɗora wata. Haka aka yi da Gavan na 1982, wanda ya zama X-Or a tashar Antenne 2 a 1983. Haka kuma aka yi da Bioman na 1984, wanda aka nuna a Canal+ a 1985, kana ya yi tashe a shirin yara na Club Dorothée a TF1 daga 1987. Jarumin da ake kira Red One ya koma Force Rouge, an yi sabuwar waƙar buɗe shiri da Faransanci, amma fuskoki na Japanawa ne, titunan na Japan ne, labarin ma shi ne. Jaruma mai launin ɗorawa da ta mutu tun farkon Bioman, ta mutu a gaban yaran Faransa kamar yadda ta mutu a gaban yaran Tokyo.

Sunan Bioman ya samu karɓuwa har aka liƙa shi ga wasu wasannin da labarinsu bai da alaƙa da shi: Maskman ya zama Bioman 2, Liveman ya zama Bioman 3. Wannan abu ne sananne a ilimin harshe, inda sunan abu guda ke faɗaɗa ya zama sunan jinsi, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu a bakin Bahaushe.

4. Hanyar Amurka: sauya fuska

Haim Saban da Shuki Levy sun bi wata hanya daban. Sun ɗauki Kyoryu Sentai Zyuranger na 1992, mai kashi 50, suka raba kowane kashi gida biyu. Wuraren da jarumai ke cikin kaya, da faɗan dodanni da na mutum-mutumi, aka riƙe su. Wuraren da fuskar jarumai ke bayyane aka watsar, aka ɗauki sababbi a Kalifoniya da ƴan wasan Amurka. Abin da ya fito shi ne Mighty Morphin Power Rangers, wanda tashar Fox ta fara nunawa ranar 28 ga Agusta 1993.

A nan ne amfanin kwalkwali ya fito fili. Tun da ba a ganin baki, babu wani motsin leɓɓa da zai ƙaryata sabuwar murya. Mai rubuta labari yana iya sa wa jarumi kowace magana ya ga dama, muddin tsawonta ya yi daidai da tsawon motsin hannu da gyaɗa kai. Inda dabarar ta yi rauni shi ne inda fuska ke buɗe: mayya Bandora, wadda Soga Machiko ta fito a matsayinta, ta zama Rita Repulsa da muryar Barbara Goodson, kuma ko yaro yana ganin cewa baki da magana ba su tafiya tare.

Da aka samu wannan ƴanci, abubuwa uku suka sauya.

Na farko, ko su wane ne jaruman. A Zyuranger mayaƙan tsofaffin ƙabilu ne da suka yi barcin shekara miliyan 170, aka tashe su. A Amurka ɗaliban lise ne na wani ƙagaggen gari mai suna Angel Grove. Dabbobin da ke taimakonsu, a Japan iyayen giji ne masu tsaron ƙabilun, kuma idan suka haɗu sukan zama Daizyujin, wanda ake ɗauka abin bauta ne mai magana da ba da umarni. A Amurka injuna ne kawai, sunan haɗuwarsu Megazord.

Na biyu, jinsi. Mai launin ɗorawa a Zyuranger namiji ne, sunansa Boi. A Amurka aka mai da shi mace, Trini. Hoton bai canza ba, don haka kayan mai ruwan hoda kaɗai ke da ɗan siket. Murya ce ta yi aikin da a harshe ɗafin jinsi ke yi.

Na uku, mutuwa. Burai, koren jarumi, ya mutu a Zyuranger, kuma mutuwarsa na cikin ginshiƙan labarin. Takwaransa Tommy bai mutu ba: ƙarfinsa ne ya ƙare, daga baya ya dawo da fararen kaya waɗanda aka ciro daga wani wasan daban, Dairanger na 1993. Hotunan baƙin ciki na asali ba su da gurbi a sabon labarin.

Dabarar ta kai ga haɗe-haɗe. VR Troopers na 1994 an ɗinka shi ne daga wasanni uku, Metalder da Spielban da Shaider, shi ya sa jarumansa, idan suna cikin kaya, ba kasafai ake ganinsu a hoto guda ba.

5. Abin da ya ƙi fassaruwa

Duk da haka, wani abu ya tsira. Kafin faɗa, jaruman Sentai kan tsaya a jere, kowa ya faɗi sunansa yana wani tsayuwa ta musamman, abokan gaba na jira. Japanawa na kiran wannan nanori, al'adar mayaƙan da ta ambaton suna da asali kafin karo, wadda wasan kwaikwayon kabuki ya ƙawata da tsayuwar da ake kira mie. Ga wanda ya saba ganin ɗan kokowa na kirari a tsakiyar fage kafin ya kama abokin karonsa, abin ba baƙo ba ne. Ga mai kallo a Amurka kuwa babu al'adar da za ta bayyana masa dalilin jiran dodon. An fassara kalmomin, an bar motsin, sai motsin ya zama tambarin shirin ba tare da ma'anarsa ta asali ba.

Haka kalmar henshin, wadda Kamen Rider ya yaɗa. Gaɓoɓinta biyu ne, hen, sauyi, da shin, jiki, wato rikiɗa. Amurkawa sun maye gurbinta da morphin, daga saiwar Girkanci mai nufin siffa, amma da rubutun maganar titi, ba tare da harafin ƙarshe ba. Ma'ana ta kusa, matsayin harshe ya sauka.

Misali mafi bayyana shi ne Shinkenger na 2009, wanda ya zama Power Rangers Samurai a 2011. A fuskar kowane kwalkwali an zana harafin kanji: wuta, ruwa, sama, itace, ƙasa. Yaron Japan karantawa yake yi. Da yake ba a iya goge haruffan daga hoto, sai aka bar su, suka zama alamomin tsafi ga wanda bai iya karanta su.

6. Kammalawa

Mun ga hanyoyi biyu. Faransa ta sauya murya ta bar baƙon da fuskarsa, mai kallo ya san daga nesa abin ya zo. Amurka ta sauya fuska da labari, ta ɓoye asalin, har yara da yawa suka girma ba su san cewa faɗan da suke kallo a Japan aka ɗauke shi ba. A hanyoyin biyu, motsin jiki ne ya ƙetare ba a taɓa shi ba. Wannan na nuna cewa idan za mu nazarci fim da aka juya zuwa wani harshe, har da fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa, kwatanta jimla da jimla bai wadatar ba. Sai mun tambayi abin da jiki ke faɗa wanda sabuwar muryar ta yi shiru a kai.