Tarwaɗar tabkinmu da kifin Bangaladash

'Yan'uwa mata, a nan Arewa ba mu da gulbi, sai tabkunan Dallol Mawri da damina ke cikawa. Kifin Gaya kuwa, kafin ya iso kasuwar Dogondutsi ko Tibiri, kuɗin mota ya hau kansa. Shi ya sa busasshiyar tarwaɗa guda muke ɓarewa a miyar kukar gida duka.

Mutanen Bangaladash ma suna da nasu, ilish, kifi mai maiƙo da ƙaya barkatai, wanda ke baro teku ya hau gulabe ya zuba ƙwai. Ranar sabuwar shekararsu, 14 ga Afrilu, da shinkafar da ta kwana cikin ruwa suke cinsa. Da ya fara ƙaranci, gwamnati ta hana kama ƙananansa daga Nuwamba zuwa Yuni. Wajen Oktoba kuma babu su sam har kwana 22, ana ba masunta shinkafa su riƙe gida.

Mu fa? Yara na tace tabki da gidan sauro, mu saye 'yan mitsi-mitsin da bashin asusu don araha. To, baɗi me za mu banda? Ranar zubi mai zuwa, kowace ƙungiya ta tattauna: za mu iya haɗa baki mu ƙi karfasar da ba ta kai tafin hannu ba?