Sarƙaƙiyar Namibiya da Zaɓin da Gatari Ke Yi

A yawancin ƙasashen Afirka kukan da ake yi shi ne itatuwa suna ƙarewa, amma a Namibiya ƙaya ce ta cinye filayen kiwo, har an ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 45 sun cunkushe da sarƙaƙiya. Itatuwan nan 'yan ƙasa ne, cikinsu har da ɗunɗu da muka sani a dazukanmu, kuma a da jefi-jefi suke tsaye cikin ciyawa. Da aka killace gandayen shanu tun zamanin mulkin mallaka, dabbobi suka riƙa kiwo wuri guda har ƙasa ta fito, aka hana wutar daji da ke ƙone ƙananan tsiro, giwaye da karkanda masu karya rassa suka ragu, ƙaruwar iskar kabon kuma ta fi yi wa itace rana a kan ciyawa. Yau filin da a da yake riƙe babban garke ba ya ƙosar da rabinsa a wasu wuraren, ruwan sama ma saiwoyi kan shanye shi kafin ya kai ga rijiya.

Daga nan aka mayar da rage cunkoson daji sana'a. Namibiya ta shiga sahun manyan masu fitar da gawayi a duniya, yawancinsa zuwa Turai da Afirka ta Kudu. Masana'antar siminti ta Ohorongo da ke kusa da Otavi tana ƙona guntayen itace a madadin wani kaso na kwal, kamfanin lantarki na NamPower kuma ya ɗauki aikin tashar megawat 40 kusa da Tsumeb, wadda da wannan itacen za ta yi aiki. Dubban mutanen karkara sun samu abin yi, makiyayi kuma ya samu mai biyan kuɗin sharar da a da daga aljihunsa take fita.

Sai dai abin da kasuwa ke so da abin da ƙasa ke buƙata ba su cika haɗuwa ba, kuma nan ne damuwata take. Mai ƙona gawayi da nauyi ake biyansa, don haka itace mai kauri idonsa ke nema. Alhali manyan itatuwan nan su ne ke danne ƙananan ƙaya da inuwarsu da saiwoyinsu, ganyensu ke yi wa ƙasa taki, tsuntsaye kuma a kansu suke sheƙa. In aka sare babba aka bar siraran, garin neman gira an rasa ido. Ga kuma toho: ɗunɗu in an sare shi ta kututture da saiwa yake sake fitowa, sau da yawa ya fi na farko yawa. Dole a bi bayan sara da kiwon awaki, ko wuta mai tsari, ko sake sassabe, kuma wannan ɗawainiya ba ta kawo ko sisi, shi ya sa ake yawan watsar da ita.

Za a ce ai akwai doka. Gaskiya ne, dokar gandun daji ta 2001 ta wajabta neman izinin sara, masu saye a Turai kuma suna neman shaidar FSC ta kyakkyawan kula da daji, wadda ta gyara halin gandaye da yawa. Amma ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, malaman daji kaɗan, kuma ba kowane buhu ke zuwa kasuwar da ke tambayar takarda ba. Wasu kuwa, kamar ƙungiyoyin da suka yi adawa da shirin kai itacen Namibiya tashar wuta a Hamburg ta Jamus, suna ganin sara kowane iri asarar kabon ne. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, domin filin ciyawa ma yana adana kabon a cikin ƙasa, barin sarƙaƙiya kuma talauci ne ga makiyayi. Inda hujjarsu ke da ƙarfi shi ne tashar da aka gina don shekaru da yawa kullum sai ta ci itace, ko daji ya kai lokacin sara ko bai kai ba, kuma wanda ya sa hannu a kwangilar kawo mata kaya zai sari abin da ya fi kusa da hanya.