YAUSHE YA KAMATA KA NEMI MATAR DA KA SAKA?



'Yan uwa, da yawa kan zo mini neman maganin rashin barci da faɗuwar gaba. In na bincika sai in tarar ba ciwon jiki ba ne, mutum ya saki matarsa ne cikin fushi, yanzu nadama ke cin sa. Maigida, in kai ne, karanta da kyau.

Kada ka kira ta a ranar. Zuciya na tafasa, magana ɗaya za ta iya jawo saki na biyu. Ka yi alwala, ka zauna, ka nemi tsari daga Shaiɗan. Ka sha talbina, wato kunun garin sha'ir da madara da zuma. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa tana sanyaya zuciya, tana rage baƙin ciki. Sannan ka yi istihara.

Amma kada ka yi sanya, domin shari'a ta sa wa'adi. In saki ɗaya ne ko biyu, kana da ikon kome muddin tana cikin idda, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Iddar mai haila tsarki uku ne a mazhabar Malikiyya, wadda ta daina haila wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu, ko da gobe ne. Ka yi niyya, ka furta, ka kafa shaidu biyu adilai.

Da zarar idda ta cika, ka zama bazawari kamar kowa. Sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. In saki uku ne, ƙofa ta rufe har sai ta yi wani aure na gaskiya. Auren kisan wuta haramun ne.

Kafin ka tashi, tambayi kanka: abin da ya raba mu na gyara shi? In duka ne, ko rashin cefane, ko zagin iyayenta, kuma ba ka daina ba, kada ka je. Suratul Baƙara, aya ta 231, ta hana mayar da mace don a cutar da ita. Ka je ta ƙofar iyayenta tare da dattijon da suke jin nauyinsa, ba saƙon waya da tsakar dare ba.

Ku kuma iyaye, in 'yarku na son komawa, kada ku hana. Ma'aƙilu bin Yasar (RA) ya rantse ba zai mayar da 'yar uwarsa ga mijinta ba, aya ta 232 ta sauka, nan take ya mayar da ita.

Abincin yara da maganinsu kuwa ba ya jiran sulhu. Yau ɗin nan ka aika.

Allah Ya daidaita tsakanin ma'aurata. A tura wa wanda zai amfana.