Na'urar da Ke Gadin Ruwan Murjani

Jama'a da yawa sun ɗauka murjani dutse ne, don a wuyan mata suka saba ganinsa. To, halitta ce mai rai, a teku take zaune, da sinadarin kalsiyam na cikin ruwa take gina ƙashinta. A Amurka da Turai akwai masu kiwon danginsa a gida, cikin akwatunan gilashi cike da ruwan gishiri.

Kiwon nan kuwa da wuya. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kalsiyam wajen miligiram 420, ba ya kuwa ƙarewa. Amma ruwan akwati kaɗan ne, kullum murjani yana rage abin da ke ciki. In ruwan ya sauya farat ɗaya, sai naman murjani ya saɓule, kiwon shekaru ya tashi a banza.

A da, da hannu ake awo, watau a ɗebi ruwa a kwalba, a yi ta ɗiga magani har launi ya juya. Cikin 2019 wani kamfanin Amurka, Neptune Systems, ya fito da na'ura mai suna Trident. Ita ke zuƙo ruwan, ta ɗiga maganin, ta duba launin da idon lantarki, sa'an nan labari ya iske mai ita a wayarsa, dare da rana.

Amma fa maganin awon yakan ƙare, bututu yakan toshe. Saboda haka masu lura sukan gwada da hannu loto-loto, don kada na'ura ta ruɗe su.