Kafin ka sari PlayStation 2, duba bayanta

Daga Illela zuwa Konni, har yau ba a rasa mai neman PlayStation 2, duk da kamfanin Sony ya daina ƙera ta tun 2013. Masu shagon gem na yabon arharta, samari kuwa sun koma waya, suna ce mata tsohon yayi.

To amma ɗan kasuwa, a yi hattara da 'yar gwanjo. Mai kaurin nan da aka ƙera don Amurka wutar 120 take ɗauka, ta Japan 100, alhali tamu 220 ce zuwa 230. Ana jona ta kai tsaye sai ƙauri, uwar kuɗi ta tafi, ga rigima da mai saye. Karanta takardar da ke manne a bayanta, in ta Amurka ce ko Japan ka haɗa masa da taransifoma.